Haihuwar fari: a kai ta gida goyon ciki ko ta zauna ɗakinta?

Angon Bara:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai ta kawo ni.

Mai ɗakina na da ciki wata bakwai, kuma shi ne na fari a wajenta da wajena. Muna zaune a Kano, iyayenta suna wani ƙauye can bayan Ɗambatta. Shekaranjiya ƙanin mahaifinta ya same ni har kasuwa, ya ce Innarsu ta ce in shirya, da cikin ya shiga wata takwas za a zo a tafi da ita goyon ciki, ta haihu a gida, ta yi wanka, sai bayan arba'in a dawo mini da ita. Na ce to, don me kuwa zan ce? Amma tun ranar barci ya ƙaurace wa idona.

Awo biyu a jere ana samun jininta ya hau, na farko 140 bisa 90, na biyu 145 bisa 95, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. An ba ta magani, an ce ta riƙa zuwa duk sati. Lissafin asibiti ya nuna haihuwar za ta faɗo cikin Agusta, tsakiyar damina, ni kuwa na san hanyar garinsu. In aka yi ruwa mai ƙarfi mota ba ta shiga sai babur, babur ɗin ma akwai inda sai an sauka an tura. Ɗakin shan magani ne kawai a garin, da la'asar an kulle.

Ita kanta ta kasa tsayawa a magana ɗaya. Da rana ta ce wajen Inna take so, da dare in kanta ya fara sarawa ta ce tsoro take ji. Ni kuma ba na son a ce daga auren bara har na fara ja da surukai. Don Allah a ba ni shawara.

Maman Ilham:
Allah ya raba lafiya, ya sauke ta cikin sauƙi.

Na Kwari:
Amin. Ango ka shigo layin manya. Daga yau ka yi bankwana da barcin safe.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni na haifi tara, bakwai na raye, kuma duk 'ya'yana mata a ɗakina suka yi haihuwar fari. Bari in faɗa maka abin da ya sa iyaye suka kafa wannan al'ada, don na ga yaran yanzu kun ɗauka son mulki ne.

Yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba ba ta san naƙuda ba. Ba ta san yadda ake riƙe jariri a ba shi nono ba, ba ta san kukan yunwa da kukan ciwon ciki ba, in jini ya zuba ba ta san wanne ne na biƙi wanne ne na tashin hankali ba. Kuma akwai abin da ba za ta taɓa iya faɗa maka ba, ba za ta faɗa wa mahaifiyarka ba, sai wadda ta haife ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kai da gari ya waye za ka saɓa rigarka ka tafi kasuwa, wa zai dafa mata ruwa? Wa zai dama kunu? Wa zai karɓi jaririn ta runtsa ko na awa ɗaya? Kwana arba'in ɗin nan hutu ne, shi ne kaɗai lokacin da mace take kwanciya a yi mata bauta. Ka bar ta ta tafi, ka bi ta da kayan ƙauri da itacen wanka, ka ci gaba da addu'a. Rai da ajali na Allah ne, ko a asibitin Malam Aminu Kano ake mutuwa.

Ɗan Boko:
Da girmamawa Hajiya, wannan "rai na Allah ne" ita ta cika maƙabartunmu da mata masu ƙuruciya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a duk haihuwa dubu ɗari, mata 512 ne ke rasa ransu a Nijeriya. Mu daina fakewa da al'adun jahilci.

Hajiya Kaka:
Jahilcin ne ya raine ka har ka iya rubuta lissafi.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Boko, gyara harshenka. Sa'ar kakarka ce. A kawo hujja ba tare da zagi ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni zan goyi bayan Hajiya a rabi. Haihuwata ta fari a Kaduna na yi, maigidan ya rantse ba inda za ni, wai shi ɗan zamani. Aka sallamo mu daga asibiti, 'yan barka suka watse, ya koma aiki, aka bar ni da jaririya a gida mai ƙofa a kulle, ba maƙwabciyar da na sani. Kan nonona ya tsage, tana kuka ina kuka. Akwai ranar da na zauna a bakin gado har azahar ban sa komai a bakina ba, ina kallon yarinyar ina jin kamar ba tawa ba ce, ina kuma jin kunyar faɗa wa kowa. Sai da yayata ta zo daga Zariya ta gan ni ta fashe da kuka, ta tattara ni ta tafi da ni. Daga baya na ji likitoci na da suna ga wannan damuwar ta bayan haihuwa, kuma ana maganinta.

Saboda haka kada wanda ya raina zaman mai jego kusa da uwarta. Amma ƙanina, tambayarka biyu ce ka haɗe su. Inda za ta haihu daban, inda za ta yi jego daban. Wa ya ce dole su zama wuri ɗaya?

Ungozomar Sabon Gari:
Na gode Maman 'Yan Biyu, kin rage mini aiki. Shekarata goma sha shida a ɗakin haihuwa, bari in yi magana a kan lambobin nan da Ango ya rubuta, don su ne suka tsaya mini a rai.

Hawan jini da ya bayyana bayan ciki ya wuce sati ashirin ba abin wasa ba ne, kuma ya fi kama masu cikin fari. Daga 140 bisa 90 muke fara sa ido. Abin da muke tsoro shi ne ya rikiɗe ya zama jijjiga, wadda a ƙauye ake cewa iska ce ta buge ta, a tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Mace tana hira da kai lafiya lau, cikin minti kaɗan ta sandare tana cizon harshe. Maganinta allura ce da ake kira magnesium sulphate, sannan a raba ta da cikin, ko ta hanyar ruwan naƙuda ko ta tiyata. Ba a yin wannan a ɗakin shan magani, ba a kuma ɗaukar mai jijjiga a babur cikin taɓo.

Ango, ka tambaya a wajen awo ko sun gwada fitsarinta, ko an ga sinadarin furotin a ciki. Sannan ka haddace waɗannan kamar Fatiha: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu, zubar jini, fashewar faya, ko ta ji motsin ɗan ya ragu. Ko ɗaya ka gani, ko ƙarfe biyun dare ne, asibiti. Kumburin ƙafa shi kaɗai yawancin masu ciki na yi, amma ciwon kan daren da ka ambata ban so shi ba. Kada ku jira ranar awo, ku je gobe.

Hajiya Kaka uwata ce, kuma duk abin da ta faɗa game da jego gaskiya ne. Da cikin lafiyayye ne kuma garin na da asibiti kusa, da ni ma na ce ta tafi. Wannan cikin dai ban yarda ya yi nisa da ɗakin tiyata ba.

Angon Bara:
Anti na gode. Wallahi jikina ya yi sanyi. Gobe da sassafe za mu je in sha Allah. Fitsarin sun gwada satin da ya wuce, sun ce ba komai.

Hajiya Kaka:
To ai ban san abin ya kai haka ba. Mu a zamaninmu ba a auna jini, sai dai a ce wance ta tafi wajen haihuwa. Kishiyata haka ta tafi, Allah ya jiƙanta, da kumburarriyar fuska, muna cewa ƙibar ciki ce. In dai haka ne a bar ta kusa da likita. Amma wanka kam sai ta yi, kada ku bar yarinya da ɗanyen jiki.

Ɗan Boko:
Wankan ma ai shi ke kawo ciwon zuciya. An tabbatar.

Likitan Zuciya:
Tun da an taɓo fagena bari in shigo. Maganar ta fi "an tabbatar" tsawo.

A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan Zariya da kewaye da ke zuwa da gazawar zuciya 'yan makonni bayan haihuwa: haki, tari, kumburi, kasa kwanciya sai a zaune. Yawan ya kai kusan mace ɗaya cikin ɗari, abin da ba a gani ba a sauran duniya. Suka danganta shi da abubuwa uku da mai jego ke yi a lokacin: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa kwano-kwano. Hujjarsu mai ma'ana ce. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya ta ninka aiki.

Sai dai binciken da aka yi daga baya a Kano, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta, bai samu wannan alaƙar da ƙarfi kamar yadda aka zata ba. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci, rama, hawan jini lokacin ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna selenium a jini. Wato ba daidai ba ne a ɗora wa tukunyar wanka laifin duka.

Abin da nake faɗa wa majinyatana: ruwa mai ɗumi da ganyen darbejiya ba ya kashe kowa, yana ma sassauta jiki. Ruwan da ke saɓule fata shi ne ba mu so, mun sha ganin ƙuna a baya da cinya. Kunu a sha, na gero ko na gyaɗa ko na tsamiya. Amma mace mai hawan jini irin matar Ango, kanwa ba tata ba ce, ko a kunu ko a miya. Kuma a sani jini na iya hawa bayan an haihu, jijjiga ma na iya zuwa a kwanakin farko na jego. Shi ya sa ba na son a ɗauke ta zuwa ƙauye washegarin haihuwa.

Hajiya Kaka:
Ka ji magana ta masu ilimi. Ɗan Boko ka koya.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu ma haka ta ke, ɗiya ta tai gida haihuwar fari. Amma abin da munka yi ga tawa matar, uwar ce munka ɗauko daga ƙauye ta zo ta zamna da mu wata biyu. Ta haihu likita, tsohuwa ta yi mata wanka cikin gidana. Buhun hatsi guda da turmi biyu na atamfa na ba ta da za ta koma, har yau tana sa mini albarka. Ka gwada wannan.

Gwaggon Yara:
Shawarar Ɗan Maraɗi ita ce magana, saura yadda za a isar da ita. Ɗana, kada ka kuskura ka ɗauki waya ka kira surukarka ka ce ba za ta zo ba. Ko da gaskiyarka ka zama marar kunya, kuma har ku tsufa ana tuna maka. Ka samu babba a danginku, wanda ya karɓa maka auren in yana nan, ku haɗa da wata gwaggonka mai baki. Su ɗauki goro da ɗan abin hannu su je takanas. Kada su ce "yaro ya ce". Su ce likita ya hana ta tafiya, ga kati, mun zo roƙon arziki Inna ta taimaka ta zo ta riƙe 'yarta. Ka ga ka mayar da ita mai taimako, ba wadda aka ƙwace wa haƙƙi ba. Kuma ka yi alkawari in an yi suna, jini ya sauka, likita ya yarda, za ka kai ta da kanka ta ƙarasa arba'in a gida, don su ma dangin can su ga jikansu.

Abu ɗaya: ka sanar da mahaifiyarka kafin kowa. Kada ta ji a bakin mutane cewa surukarka za ta tare a gidanka. Nan ma wata wutar ce.

Na Kwari:
Kuma ka nemi inda za ka riƙa kwana, don ɗaki ya zama na Inna. Ni a shago na yi sati uku ina shan sauro.

Abban Sadik:
Duk an yi maganar mata, bari in yi ta aljihu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ni haihuwar fari ta zo mini ƙarfe ɗayan dare ba ko sisi a hannuna, na bar kuɗin a asusu, layin banki ya ɗauke. Tun yanzu ka ware kuɗi a hannu ka ɓoye inda kai ma ba ka taɓawa. Ka karɓi lambar mai Adaidaita biyu a unguwarku waɗanda za su ɗaga waya da dare. Ka karɓo takardar kayan haihuwa a wajen awo, ka saya ka zuba a jaka ɗaya: safar hannu, audugar mata, leda, zannuwa tsofaffi masu tsabta, kayan jariri, hula da safa. Ka san rukunin jininta, ka tanadi mutum biyu cikin abokanka da za su iya bayarwa. Mutane na tanadin rago wata uku kafin haihuwa, ba mai tanadin jini.

Rago kuwa, in kana da wurin ɗaurewa, ka saya a kasuwar ƙauye tun da wuri. Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi, ya fi ka tsaya sayen gaggawa a cikin gari.

Ungozomar Sabon Gari:
A kan rukunin jini, a duba ko nata mai alamar ragi ne. In haka ne kuma na jaririn mai alamar ƙari, akwai allurar da ake mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba. Mata da yawa da ake cewa suna wabi, wannan ce matsalar wasunsu.

Ma'aikacin Tarayya:
In kana aikin gwamnatin tarayya ka nemi hutunka. Tun 2021 aka amince da kwana 14 ga magidancin da matarsa ta haihu.

Angon Bara:
Yallaɓai ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Hutuna shi ne in maigida ya ce je ka dawo.

Malamai kuma ina da tambaya. Rago nawa ne wajibi? Wani abokina ya ce in namiji ne sai biyu, ni kuwa ɗayan ma da ƙyar.

Malam Na Zaure:
Yanka ranar suna sunna ce, ba wajibi ba ne, wanda bai samu ba babu laifi a kansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba ɗaya ce ga namiji ko mace, kuma an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka rago ɗai-ɗai ga Hasan da Husaini. Masu cewa biyu ga namiji su ma suna da hadisinsu. Ka yi abin da za ka iya, kada ka ci bashi don mutane su ce. Tunkiya ko akuya ma ta isar in ta cika sharuɗɗan layya. Ranar bakwai a yanka, a aske gashin, a yi sadaka da kimar nauyinsa na azurfa. Anko da kiɗa da ɗinkin fitar suna kala biyar, wannan ba ya cikin littafi.

In an haihu ka yi masa huɗuba, ka zaɓa masa suna mai kyau, haƙƙinsa ne a kanka. Sannan a tauna dabino a ɗan goga masa a dasashi.

Ungozomar Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, a ƙara da cewa ɗan shafawa ne kawai, don wasu sun mayar da shi ɗura. Zuma kuwa kada a ba jariri sam sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba.

Tun da Inna za ta zo, Ango, ga inda za ku yi karo da ita, gara ka sani. Na farko dakashi. Tsofaffi na matse shi su zubar wai ƙazanta ne, su ba jariri ruwa ko madara kafin nono ya kawo. Wannan ruwan ɗorawar mai kauri shi ne rigakafinsa na farko, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma nono zalla har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata. Na biyu cibiya. Ba gashi da tsumma, ba man goge baki, ba toka. Akwai man chlorhexidine da ake bayarwa, shi kaɗai za a shafa. Na uku wankan farko. Za ta so a dirje shi nan take wai kada ya yi ƙarni har girma, mu kuwa mun fi so a goge shi a lulluɓe a jikin uwarsa, wanka ya jira kwana ɗaya saboda sanyi. Na huɗu wanzami. Aski ya yi, da sabuwar reza. Cire beli kuwa a'a, mun ga jariran da jini ya ƙare musu a kan wannan. In mace ce kada a bari ya taɓa gabanta da sunan cire wani abu.

Kafin ku bar asibiti a yi masa BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a ɗiga na shan inna, a yi ta ciwon hanta. In ka ga idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa, shawara ce, a dawo da shi, ba a shanya shi a rana ana jira ba.

Hajiya Kaka:
Yanzu kuma har belin? To Allah ya kyauta. Nawa duk an cire musu.

Maman Ilham:
Hajiya ni ba a cire wa nawa ba, ga su nan suna cin tuwo har suna neman ƙari.

Amaryar Gwale:
Ni tambayata daban. Har yanzu ana kunyar ɗan fari? Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, "kai yaro" take cewa, ga shi har ya shiga jami'a. Ni kam in na haihu a gaban kowa zan rungume abina.

Gwaggon Yara:
Za ki rungume, amma ranar da surukinki ya shigo za ki ji hannunki ya saki da kansa. Kara ce, ba ƙiyayya ba. Ni ɗan farina kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe, sai da ya yi aure na fara yi masa magana ido da ido. Ba na cewa ku yi haka, ni ma akwai abin da na rasa a ciki. Ranar da zai tafi makarantar kwana ina leƙensa ta taga, na kasa fitowa in ce Allah ya tsare.

Angon Bara:
Iyayena ga yadda ake ciki. Mun je asibiti, sun ƙara mata magani. Kawuna da gwaggona sun je ƙauye ranar Lahadi kamar yadda Gwaggo ta tsara. Da farko Baban ya ɗaure fuska, ya ce su ba a taɓa haifar musu jikan fari a gidan miji ba. Ashe Inna tana jin "kumburi" da "ciwon kai" ta tashi ta fara ɗaure kaya, wai haka ƙanwarta ta rasu. Ita ta shawo kansa. Tana nan tafe farkon wata.

Ɗan Maraɗi:
Madalla. Ka shirya buhun hatsi.

Angon Bara:
Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sauka lafiya daren Talata, mun samu 'ya mace.

Ba ta kai lissafinta ba, saura sati uku. Ranar Litinin da magariba ta ce tana ganin wuta-wuta a idonta, Inna ta ce ta kwanta ta huta, ni kuwa maganar Anti ta faɗo mini. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai Adaidaita na farko bai ɗaga ba, na biyu ya zo. Da aka auna 165 bisa 110. Nan take suka yi mata allurar nan, suka sa ruwan naƙuda. Kwana muka yi a baranda ni da Inna, ba mai kallon wani, tana jan carbi ina jan nawa. Wajen ƙarfe tara na daren Talata aka fito aka ce ina mijin. Kilo biyu da ɗigo shida.

Da aka miƙo mini ita in yi huɗuba, wallahi kiran sallar da nake ji sau biyar kullum ya ɓace mini, na tsaya ina ta hawaye a gaban surukata. Sai ita ce ta juya baya ta ba ni wuri.

Kwana huɗu suka riƙe mu. Yanzu muna gida, Inna na dafa ruwa da darbejiya amma tana surkawa, kunu ba kanwa. Dakashi mun sha, cibiya mun ci nasara, wankan farko ne dai na sha kaye, ina fita sayen magani na dawo na tarar an yi.

Maman 'Yan Biyu:
Barka barka! Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka riƙa tambayarta yadda take ji a ranta, ba jikinta kaɗai ba.

Malam Na Zaure:
Allah ya albarkace ku a abin da ya ba ku, ya sa mahaddaciya ce.

Likitan Zuciya:
Barka. A ci gaba da auna jinin, kada a daina magani sai an ce. In ta fara haki ko tarin dare, ku zo.

Hajiya Kaka:
Kishiya ta samu ke nan. Ka ce mata ta zo mu raba mijin. Wane suna aka sa?

Angon Bara:
Hajiya sunan mahaifiyata ta ci, kin ga ba zan iya rubutawa ba. Ummi muke ce mata.

Ɗan Boko:
Ka ga, wannan ma al'ada ce. Suna ne fa kawai.

Hajiya Kaka:
Kai rubuta na taka mu gani.

Ungozomar Sabon Gari:
Ango, sati shida cif ku kawo Ummi rigakafi, ku zo da katin. In za a tafi ƙauye ƙarasa wanka, a tafi da shi a jaka.